Rufin Tankin da Mata Suka Mayar Wurin Shanya

Ranar da ƙafar Ya Falmata ta burma cikin rufin tankinmu ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita har a sa ni a ƙasa. Ku da kuka shigo aikin ruwa bayanmu kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na yarda a zana rufin tanki sai an je an wuni a wurin da za a gina shi. Na ji wasunku na cewa fitinar tsufa ce. To, ga dalilin na rubuta muku, kada a sake tambayata.

A lokacin rikici ya yi tsanani. Mutanen Konduga da ƙauyukan da ke kewaye da ita sun kwararo Maiduguri, aka zuba wasunsu a wata makarantar firamare a Bulumkutu. Azuzuwa suka zama ɗakunan kwana, filin wasa ya cika da bukkokin tamfol har ba inda za ka ajiye ƙafa. Rijiyar burtsatse ɗaya ce, ita ma sai an samu man inji. Tankar ruwa yau ta zo, gobe ta maƙale a shingen bincike. In ruwa ya yanke mutane su koma kududdufi, kuma kowa a sashenmu ya san abin da ke bin bayan kududdufi: amai da gudawa. Saboda haka aka ba mu umarnin gina tankunan tara ruwan sama guda uku kafin damina ta sauka.

Ga wanda ba aikinsa ba ne, tankin nan rami ne zagayayye mai zurfin tsayin mutum biyu, an gina shi da bulo an shafe da siminti, bakinsa ya ɗago sama da ƙasa iya ƙugu. Ruwan da ya sauka a kwanon azuzuwa yana bin indararo ya shiga bututu ya zuba ciki. Amma ran tanki rufinsa ne. In rana ta shiga, ruwa ya yi gansakuka. In sauro ya shiga, ya yi ƙwai. In ƙazanta ta shiga, ka gina wa mutane cuta da hannunka.

Ni a lokacin ina mataki na shida a aikin gwamnati, mai kula da aiki a fili. Injiniya ya zana, ni in tsaya a kan magina in ga cewa abin da ke takarda shi ne ke ƙasa. Ban samu wannan matsayi a kwance ba. Ina da 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwar Hausari, da safe in soya ƙosai, da yamma in ɗauki allo da alli. Daga nan na haura har kwalejin fasaha, ina zama aji ɗaya da sa'o'in ɗana na fari. Don haka takarda a wurina ba abin wasa ba ce. Abin da aka zana shi za a gina, wanda bai so ba ya kama gabansa.

Shugabana shi ne Injiniya Bukar, saurayi mai sanyin magana, da kyar ya kai shekara talatin. Zanen da ya ba ni shi ne wanda ofis ke amfani da shi ko'ina: a ɗora katako a bakin tanki, a buga kwano a kai, a ɗan karkata shi don ruwa ya zurare waje. Rufi ne mai sauƙi, an yi lissafinsa ya ɗauki iska da ruwa, ba nauyin mutum ba. Haka muka rufe tanki na farko, na duba kowace ƙusa, na sa hannu.

Kwana huɗu bayan nan na sauka daga keke napep da hantsi na tarar da ihu. Rufin nan an shimfiɗa masa buhuna an baje masara a kai, tsakiyarsa ya lotsa, ga wata dattijuwa ƙafarta ɗaya ta shige ciki har cinya, ta rungume katako, mata na jan ta da zani. Ita ce Ya Falmata, shugabar matan sansanin. Kwanon ya tsaga mata ƙwauri. Tankin kuma babu ko ɗigon ruwa a ciki, da ta zarce sai a kan siminti.

Ban tsaya na yi mata sannu ba. Allah ya yafe mini, masifa na fara.

"Wannan ya yi muku kama da tabarma? An yi muku abin da zai raya ku, kun mai da shi wurin shanya! Da kin mutu wa za a kama? Ni!"

Ana ɗaure mata ƙafa ta ɗago ta dube ni, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Malama, ke a gidanki a ina kike shanya?"

Na ce ba abin da ya kawo mu ke nan ba.

Ta ce, "Shi ya kawo mu. Masara ake ba mu. Sai an surfa, an wanke, an shanya kafin a kai niƙa. Dubi ƙasa. Rairayi, awaki, ƙafafun mutane, ga yara na tsuguno. Nuna mini inda zan baza abincin jikokina, in ba ki rufinki."

Ban nuna mata ba, don babu. Amma zuciya ba ta bar ni na yarda ba. Da Injiniya ya iso na ce masa abu ɗaya ne magani: a ɗaga rufin ya yi tsini kamar na bukka yadda ko akuya ba za ta iya tsayawa a kai ba, a kewaye da waya mai ƙaya. Ya matsa ya duba ramin da ƙafar ta bari. Sunansa ne a ƙasan zanen.

Cikin maginanmu akwai wani tsoho, Ba Modu, shi ma gudun hijira ya kawo shi daga Konduga, a sansanin yake kwana. Mun ɗauke shi aikin yini ne kawai, ban taɓa jin ya yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ranar ya ajiye cokalin gininsa ya matso.

"Injiniya, in ce wani abu?"

"Faɗi, Baba."

"Wayar nan da Malama ta ce, kwana nawa za ta yi? Mako guda za su kwance ta su yi igiyar shanya da ita. In kun yi tsini, za su kafa kara su ɗaure buhu a jiki. Ni shekara arba'in ina gini, ban taɓa ganin wuri mai tsabta da rana ke bugawa mace ta wuce shi ba. Kun yi wa ruwa rufi, kun manta mutane. Ku yi wanda zai ɗauke su."

Na ce, "Baba, tanki muke ginawa ko dandali?"

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, su za su faɗa miki abin da kika gina."

Abin da Injiniya Bukar ya yi bayan nan shi ya sa har yau nake ɗaga masa hula. Bai ce zane ya hana ba. Bai ce shi ya yi jami'a ba. Ya samu bulo ya zauna kusa da Ya Falmata, ya yi mata sannu da Kanuri, ya fito da biro. Mata nawa ke hawa lokaci guda? Buhu nawa ake bajewa? Da turmi suke hawa? Ta ce wa zai hau da turmi, sai mahaukaciya. Wata daga baya ta ce, "Kar ki rantse, Ya Falmata, akwai su." Aka yi dariya, shi kuma ya rubuta har turmin. A wurin ya wuni, ko abincin rana bai ci ba.

Bayan kwana biyu ya kawo sabon zane. Rufin kankare ne da rodi a ciki, da ginshiƙi a tsakiyar tanki ya tallafe shi. An ɗan tudunta tsakiyarsa yadda duk abin da ya zube a kai waje zai gangara, ba ciki ba. Ƙofar shiga wanke tanki ya ɗauke ta daga tsakiya ya kai gefe, ya yi mata wuya mai tsawo da murfin ƙarfe da kwaɗo. Bututun shan iska ya sa masa raga saboda sauro. Ɗibar ruwa kuwa da famfon hannu a ƙasa, ba mai zura guga. Sannan, abin da ya fi ba ni mamaki, ya zana matakala uku don tsofaffi su hau ba tare da sun ɗage zani ba.

Ƙa'ida ita ce ba a canza zanen ofis sai Darakta ya amince. Na raka shi. Darakta ya juya takardar ya ce, "Bukar, matakala a jikin tanki? Gayyatar su kake yi su hau?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba su jira gayyata ba. Ko mu ɗauke su, ko mu binne su."

Darakta ya ce in ya rufta ba ruwansa, wanda ya zana shi ya sa hannu shi kaɗai. Injiniya ya karɓi biron Daraktan ya sa.

Aka zuba kankaren duka uku a kan katako, aka tokare ta ciki da itatuwa. Nan wata matsala ta taso. Kankare sai ya yi kwana ashirin da ɗaya yana shan ruwa kafin a cire masa tokara, in ya bushe da wuri ya tsattsage. Ga zafin Maiduguri, ga wurin da ruwan sha ma sai an yi layi. Na rasa yadda zan buɗe baki in ce a ba siminti ruwa. Ya Falmata ce ta ɗingiso da sandarta ta tambaye ni abin da ya sa nake zagaye tanki kamar kazar da ta rasa ƙwai. Da na faɗa mata ta ce, "Shi ke nan?" Tun daga ranar kowace mace a kan roba take alwala. In an idar da salla sai ka ga layinsu, kowacce ta juye ruwan alwalarta a kan buhunan da muka lulluɓe rufin da su. Ba ranar da buhunan nan suka bushe.

A kwana na goma sha biyar hadari ya fara haɗowa daga gabas. Aka matsa mini lamba daga ofis a cire tokara kada ruwan farko ya wuce mu. Na ce ko sama za ta tsage sai kwanakin sun cika, wanda ya ƙagu ya zo ya cire da hannunsa. Ba wanda ya zo.

Ranar ashirin da ɗaya aka cire. Aka jera buhunan yashi a kan na farko daidai nauyin da Injiniya ya lissafa, suka kwana, bai motsa ba. Da safe aka kwashe. Ni a ganina an gama, sai Ba Modu ya tuɓe takalmi ya nufi ƙofar tankin. Ya ce a wurin mahaifinsa ya gada: magini ba ya ce wa mutane su hau rufinsa sai yana ƙarƙashinsa. Ya ce wa Ya Falmata ta kira matanta da masararsu. Injiniya ya ce, "Baba, kai ka zuba, amma ni na zana," ya bi shi kan tsani.

Saura ni. Kuma aikina ne in auna ko rufin ya sauka, awon nan kuwa daga ciki ake yinsa. Na leƙa ramin, na ja da baya. Muryar Ba Modu ta taso daga ƙasa tana amsa kuwwa: "Malama, bakin naki bai iya saukowa tsani ba ne?"

Na ɗaure gyalena a ƙugu na sauka.

Muna tsaye mu uku a jikin ginshiƙi muka ji su suna hawa. Takun ƙafa, jan buhu, surutu, wata ta rangaɗa guɗa. Can sai muka ji dum, dum, dum. Ashe da gaske wata ta hau da turmi. Na kafa sandar awo a inda Injiniya ya yi alama jiya, na haska tocila, na duba sau uku. Ko kaurin farce bai sauka ba. Na faɗa da ƙarfi. Injiniya ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Ba Modu kuwa sama kawai yake kallo, ya ce, "Dakan nan bai yi laushi ba tukuna."

Kwana shida bayan nan ruwa ya sauka. Na farko muka bar shi ya wanke kwanon azuzuwa ya zube waje, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na biyu ya shiga. Daminar nan mutanen sansanin ba su koma kududdufi ba, kuma ba wanda ya sake ko gurjewa a kan tankunan nan.

Ba Modu ya koma Konduga da hanya ta buɗe, ban sake ganinsa ba. Sunansa ba ya cikin kowane fayil na ofis. Injiniya Bukar kuma duk wanda ya yaba masa zanen nan sai ya ce wani tsoho ne ya zana, shi lissafi kawai ya yi.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Lissafin iska da na ruwa yana cikin littafi, kowa zai iya koya. Nauyin da ke karya rufi shi ne wanda ba ka je ka gani ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ni ce ya kamata in fara ganinsa. Shekara nawa na yi a Hausari ina baza wake a kan rufin kejin kajin maƙwabta, har sau biyu ana kai ƙarata wurin mai unguwa? Na yi boko da girmana, sai na bari takarda ta rufe mini abin da na sani tun ina goyo. Da na je yi wa Ya Falmata sallama ranar da aka ɗauke mu daga wurin, na same ta zaune a saman tanki tana juya masara, ƙafar nan mai tabo a miƙe. Na ce ta yafe mini masifar da na yi mata.

Ta ce, "Hau ki taya ni, Malama. Da ganin hannunki kin iya."

Na hau.