Ranar da Ɗakin Kawu Tanko Ya Shiga Talabijin

Ku da kuka taɓa kallon talabijin tare da Kawu Tanko, ƙanin mahaifiyata, kun san azabar. In ana wasan tarihi, kowa idonsa na kan sarki, shi nasa na kan bango.

"Wannan sarkin ba zai kai Juma'a ba."

"Haba Kawu, ko atishawa bai yi ba!"

"Dubi garun bayansa, ya tsage. Kin taɓa ganin an tsaga garu a banza?"

Kafin Juma'a kuwa an rufe sarki. Ran da ya hango bokitin roba a wata fada ta zamanin kwari da baka, kashe akwatin ya yi, wai ba a yi masa ƙarya yana zaune a gidansa.

Shekara da shekaru yana sayar da goro a Zongo, ko tsinke bai taɓa yarwa ba. Fitilar ƙwai, akwatin ƙarfe, butar tagulla ta kakansa, randa da moɗa, buzun da gashinsa ya ƙare tun ina goye. Shi ya sa da masu shirya wasan tarihin fatake suka zo daga unguwar Agoè neman tsohon ɗaki, duk unguwa ƙofa ɗaya ta nuna musu.

Shugabansu dogo ne, mutanensa na ce masa Mushe, wai "ranka ya daɗe" ke nan da Faransanci.

"Mushe?" in ji Kawu. "Da ransa? Kada dai mahautanmu su ji."

Sun kawo takarda da Faransanci. Ni kuwa ban daɗe da gama ajin manya ba. Na shiga makaranta ina da jika biyu, ina jin kaina kamar alƙali. Kawu ya miƙo mini.

"Malama, yau ranarki ce."

Na bi layi uku da yatsa. Na gane "ɗaki", na gane "kwana uku". Sauran ya fi ƙarfina, girman kai ya hana ni faɗa. Na ce, "Ba komai a ciki, Kawu, dangwala." Ya dangwala. In wani abin kunya na cikin takardar nan, to da bakina ya shiga gidanmu.

Ranar farko Mushe ya shimfiɗa buzu yana kallon ƙofa, wai wani ɗan wasa zai yi salla.

"Ɗan nan, can teku ne. Kifi zai yi wa sujada?"

"Papa, wasa ne fa, ba sallar gaske ba. Haske muke nema."

"Ko sallar ƙarya ce, a ɗakina gabas take kallo. Juya fitilunka."

Sai da suka kwashe kayansu kaf suka juya, suna gumi, shi yana gefe yana ɓare goro.

Rana ta uku ce ta jawo mana. Suka rufe taga da baƙin ƙyalle, suka cika ɗakin da hayaƙi. Ladi mai waina, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta katanga. Kafin la'asar Zongo duk ta ji wai an mai da ɗakin Tanko ɗakin boka. "Dama wa ke tara irin wannan tarkace in ba boka ba?" Mutumin da sahun gaba ya san goshinsa!

Na sami Ladi a bakin murhu na ce in na ƙara ji, tandar zan kifa mata a ka. Amma ina juyowa na tuna takardar nan. In a layi na huɗu aka rubuta ɗakin boka fa? Na nufi Kawu.

"Don Allah me suka yi a ciki?"

"Ke da kika karanta takarda, ni jahili kike tambaya?"

Na roƙe shi ya fi sau goma. Dariya kawai yake. Da damina ya kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa, ba a fara nuna wasan ba. Na raka shi da ido ina cewa a zuci, ni na ɓata masa suna.

Ranar Lahadin da aka sa za a nuna wasan, bayan la'asar, tsakar gidanmu ta cika. Ladi a bencin gaba, ta gyara ɗaurin kallabi. Aka nuno wani falke da 'yan fashi suka tsiyata, ƙafa a tsage, yana buga ƙofofi ana rufewa. Sai ga ƙofa ɗaya a buɗe. Ɗakin Kawu! Hayaƙin nan ashe don haske ya fito ne, ya sauko ta ƙofa ya sauka daidai kan randa. Falken ya ɗebi ruwa da moɗa ya sha, ya zauna, kafaɗunsa suka sauka. Kowa ya gane ya iso. Ɗakin mai masauki ne, inda baƙo ke ajiye tsoronsa. Na saki numfashin da na riƙe wata bakwai.

Boka kuwa akwai shi, can gaba kaɗan. Yana tsugune jikin wani bango da hayaƙi ya baƙanta, ga tanda a jingine.

"La! Bayan madafin Ladi ne!" in ji wani daga baya.

Ta miƙe tsaye. "Ce mini suka yi hoton katanga kawai za su ɗauka!"

Mun yi dariya har wata ta zame daga benci. Ni tawa a tsakiya ta koma kuka, na shiga ɗakin nasa na zauna a ƙasa.

Kawu, ban iya karatun ba ranar, kuma na san ka sani. Ka yafe mini. Allah ya sauke ka a zangon da ba a tashi, ya buɗe maka ƙofa, ya shayar da kai ruwan sanyi. Amin.