Kaset Ɗin da Aka Mayar Kano

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya lalata ni da kallon fim, kuma har ya bar duniya bai ga laifinsa a kan haka ba. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana haska fim a wata silima da ke Sabon Gari. Da aka rufe silimar aka mayar da ita sito, sai ya ɗauko akwatinsa ya dawo gidanmu a Samaru, aka ba shi ɗakin da ke kusa da rijiya. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban yi aure ba, kuma duk gidan ni kaɗai ke da haƙurin zama da shi a gaban talabijin.

Ba kowane fim Kawu yake kallo ba. Shekarun nan ne da kaset ya cika gari, kowane lungu da shagon haya, yawancin finafinan kuma rawa da waƙa. Da zarar saurayi da budurwa sun fara juyi a cikin lambu, sai Kawu ya miƙe ya ce bari ya je ya duba akuya. Ba mu da akuya. Mutum ɗaya yake cire wa hula, wani dattijon darakta da fim uku kacal ya taɓa yi, kuma tsakanin kowanne da mai bi masa sai an yi shekaru. A fim ɗin wannan bawan Allah, mace za ta taso daga bakin ƙofa zuwa gindin mangwaro, kyamara na bin ta a hankali, babu wanda ya ce uffan, amma kafin ta isa kin san abin da ke cin ranta. Mahaifiyata ta ce wannan ba fim ba ne, zaman makoki ne. Ni kuwa ina son su, so na gaske, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa a gaban mutane.

Wata rana a farkon bazara na hayo wani fim na shirme don ƙannena. Ya ƙare, ba wanda ya tashi ya kashe, sai ga talla ta biyo baya. Ko minti biyu ba ta cika ba. Wata mata ce tana shanya barkono a kan faffaɗan dutse, can nesa jirgin ƙasa yana wucewa, ba ta ɗaga kai ba. Sai wata ƙofa a buɗe, keke a jingine a gefenta. Ana busa sarewa ƙasa-ƙasa. Daga nan sai sunan dattijon ya fito, da rubutu cewa sabon fim ɗinsa yana nan tafe.

Kawu yana tsakar gida na ƙwala masa kira. Ya shigo, na mayar da kaset ɗin baya, ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin. Sau biyar muka kalla. A na biyar ya ce, "Ashe yana nan da ransa." Ban mayar da kaset ɗin ba, na je na roƙi mai shagon ya sayar mini.

Dalilin da ya sa Kawu ya matso kusa haka, kowa a gidan ya sani. Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya. Na daman ma yana binsa, likita ya ce hawan jinin ido ne. Ranar da na raka shi asibiti, likitan ya ja ni gefe ya ce maganin ɗigawar nan ba ya maido da abin da ya tafi, jan lokaci kawai yake yi, kuma shi ba zai iya ce mini wata nawa ya rage ba. Kawu da kansa ya ce gani yake yi kamar mai leƙe ta kafar makulli. Tun daga ranar tallar nan abu ɗaya ya tsaya mini a rai: fim ɗin ya fito, Kawu ya gan shi da idonsa kafin kafar ta toshe.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci an ci abinci, wasu ɗaliban jami'a biyu da ke haya a ƙauyen Bomo kusa da mu sukan zo wurin Kawu. Su ma sun kamu da ciwon son finafinan dattijon daraktan nan. Sai mu sa tallar, mu kashe, mu shiga ƙera fim ɗin da bakinmu. Ɗaliban suna magana rabi Hausa rabi Turanci, suna kawo manyan kalmomi, Kawu na gyaɗa kai kamar ya yarda, sannan ya rushe musu komai da jimla ɗaya. Ɗayansu ya ce jirgin yana nufin zamani ne da ya wuce ya bar talaka. Kawu ya ce, "Jirgi dai jirgi ne, ɗana. Mijinta ke ciki, shi ya sa ta ƙi ɗaga kai." Ni na ce keken na ɗanta ne da ya tafi bai dawo ba. Wata Lahadin matar gwauruwa ce, wata Lahadin kurma ce, wata Lahadin kuma babu kowa a garin sai ita. Har na kai idan ina tsaye gaban allo, yara na karanta baƙaƙe, sai in ga jan barkonon nan shimfiɗe a filin makaranta. Idan jirgi ya yi kuka daga wajen tasha, nakan tsaya da abin da nake yi. Ban taɓa zama a cikin wani fim kamar yadda na zauna a cikin wannan da ban gani ba.

Kowace Asabar ina hawa bas daga Samaru, mu bi ta Kwangila, in sauka a Sabon Gari neman fim ɗin. A can babban shagon kaset yake, na wata Bayarabiya da kowa ke kira Iya. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Duk sabon fim daga Kano wurinta yake fara sauka, ƙananan shaguna su saya a hannunta. Iya tana da ƙa'ida ɗaya da take alfahari da ita: kaset ba ya hawa kantarta sai ta gwada shi, domin masu kwafi a Kano sukan haɗo da lalatattu, wani babu hoto, wani babu sauti. Amma Iya ba ta da lokacin kallo. Sai ta zura kaset a bidiyo, ta juya wa talabijin baya, ta ci gaba da ciniki. Da kunne take gwaji. In ta ji kiɗa ko gardama ta kaure, kaset ya yi kyau.

Asabar bayan Asabar, tun daga bakin titi take hango ni ta kaɗa hannu. "Bai zo ba, Malama. Wannan tsohon naku sai ya ga dama."

Ruwa ya sauka, masara ta kai gwiwa a gonakin Bomo. Wata Asabar na isa, sai Iya ta ce, "Ya zo fa." Na miƙa hannu in karɓa. Ta ce, "Amma Allah ya taimake ki da ni. Guda shida suka aiko, duk babu sauti. Na sa na farko shiru, na biyu shiru. Na waiga na ga hoto na tafiya, babu ko tari. Na ɗaure su na ba direba ya mayar musu. Ni za su yi wa wayo?"

Na yi mata godiya. Wallahi har na riƙe hannunta na ce Allah ya saka. Wannan godiyar har yau in na tuna ta sai in ji haushin kaina ya taso mini. Ni da na haddace finafinan mutumin nan uku, ni da na san halinsa, ban tsaya na yi tunani ko na daƙiƙa ɗaya ba. Da na koma gida Kawu ya tambaye ni, sai na ce bai zo ba. A ganina ina kare shi ne daga ɓacin rai.

Bayan mako uku aka sake aikowa, Iya ta sake gwadawa da kunnenta, ta sake mayarwa, wannan karon har da saƙon zagi a bakin direba. Ranar kam na kasa riƙewa. Na zauna a bakin gadon Kawu na zayyana masa komai, ina tsine wa masu kwafin Kano.

Sai ya ce, "Minti nawa ta saurara?"

Na ce, "Oho. Biyu ko uku."

"A tsakiyar kasuwar Sabon Gari, ga janareta, ga masu acaɓa?"

Sai ya fashe da dariya. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba daga idon da ke gani da wanda ba ya gani. Ya ce, "Malama, wa ya gaya miki lalatacce ne? Mutumin nan ai ba ya gaisuwa da baki. Ya yi abinsa daidai, ku ne kuka kore shi daga gari har sau biyu!"

Ni ban yi dariya ba. Na ƙirga makonnin da na zubar da hannuna. Washegari ko coci ban je ba, na hau bas. Na sami Iya tana shirin tafiya tata sujadar, na tsare ta a ƙofar gida ina magana da ƙarfi kamar ita kaɗai ta yi laifin. Ta saurare ni har na gama, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Fim babu magana? To me ake sayarwa a ciki?" Amma da na gaya mata zancen idon Kawu, sai ta zauna a kan dakali. Ta san shi tun tana budurwa, lokacin da yake barin su su shiga silima ta ƙofar baya. Ta ce gobe-goben nan za ta aika.

Sai dai mutanen Kano sun yi fushi, kuma fim ɗin dama kaɗan aka buga, tunda ba irin wanda ake rububi ba ne. Aka ce sun ƙare, aka ce a jira bugu na biyu, aka ce wani yana da guda ɗaya amma ya yi tafiya. Ɗaliban Bomo suka tafi hutu. Ni da Kawu muka ci gaba da zamanmu na Lahadi, sai dai ya daina cewa in sa tallar. Yana kishingiɗe zai ba ni labarinta dalla-dalla, har da inda inuwar keken ta faɗa. Na lura yana bin bango da hannu idan zai je bakin rijiya. Na tambaye shi idon, ya ce yana nan yadda yake. Na yarda, domin ina so in yarda.

Wata Laraba, ana cin ɗanyar masara, na taso daga makaranta na tarar da Iya da kanta a tsakar gidanmu, ta hau acaɓa tun daga Sabon Gari. Ta miƙo mini kaset a cikin leda ta ce, "Wannan ban gwada ba." Ko ruwa ba ta tsaya sha ba, don hadari ya haɗu.

Wutar lantarki ta yi mana mutunci ranar. Kawu ya sa a ɗauko masa farar rigarsa ta zuwa coci, ya sa hula. Na ajiye masa kujera dab da talabijin, na sakaya labule, na zura kaset ɗin na zauna a bayansa a kan tabarma. Daidai nan ruwa ya kece a kan kwanon ɗakin.

Fim ɗin ya fara da wata doguwar hanya ta jar ƙasa, gari bai gama wayewa ba. Babu sarewa, babu komai. Can sai ga matar nan ta ɓullo daga nesa, ƙarama kamar tururuwa, da buhu a kai. Tana tahowa, haske na ƙaruwa, har na fara ganin zanen da ke jikin zaninta. Na manta da ruwa, na manta da ɗakin. Abin ya fi duk wanda muka ƙera kyau. Ina duban ƙeyar Kawu, ya miƙe zaune tsaf, hannayensa a kan gwiwa, ko motsi ba ya yi. Daɗi ya cika ni har wuya. Na ce a raina mun ci nasara, ya gani.

Mun yi kusan minti goma a haka. Matar ta iso har gaban kyamara, ta sauke buhun.

Sai Kawu ya ɗan karkato kai, ya ce a hankali, "Malama, kin kunna ne?"

Na tashi na zagayo gabansa. Idanunsa a buɗe suke, amma ba talabijin suke kallo ba, sun ɗan kauce wajen kabad ɗin kwanuka. Hasken fim ɗin na wasa a kan fuskarsa. Na ce, "A'a Kawu, yanzu zan kunna."

Na mayar da kaset ɗin baya zuwa farkonsa. Na jawo kujera kusa da tasa yadda bakina zai zo daidai kunnensa, saboda ƙarar ruwa. Na ce masa ga wata hanya ta jar ƙasa, doguwa, babu kowa a kanta, gari bai gama wayewa ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Ta wane gefe hasken ke fitowa?"

Na ce, "Ta hagu."

Ya juya fuskarsa hagu, ya ce in ci gaba.