Duhun Gefen Allo

Yayana bai taɓa yarda laifi a jikinsa yake ba. In ya yi tuntuɓe, dutsen ne ya tare masa hanya. In ya makara, agogo ne ya yi gaggawa. Tun muna yara haka yake, kuma ni da nake autar gidan na sha gaya masa cewa taurin kan nan sai ya kai shi ya baro. Sai ya yi dariya ya ce, "Auta, bakinki ya fi ƙarfin jikinki."

Sana'arsa zanen gidaje. Kafin a haƙa harsashin gini, shi yake zama ya fitar da komai: ga falo, ga ɗakin kwana, ga inda ƙofa za ta buɗe, ga iyakar filinka da na maƙwabcinka. Da fensir da rula ya fara bayan rasuwar babanmu, kuma da fensirin nan ya riƙe mu har na gama makaranta. A wurin aiki Layi suke ce masa, don ko da hannu ya ja layi sai ka rantse da rula ne. Da kwamfuta ta shigo, sa'o'insa suka yi ta guna-guni, shi kuwa ya zauna ya koye ta tas. Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a saman bene, tebur uku, fanka mai ƙara, sai injiniyan da yake sa hannu a kan duk abin da Yaya ya zana. Rabin aikin ma a gida yake yi, a wani ɗan ɗaki kusa da kicin.

A ɗakin nan muke wasanmu. Kada furfurar gemunsa ta ruɗe ka, Yaya mayen tseren mota ne a kwamfuta. Duk Asabar da yamma in na rufe shagon ɗinkina sai in wuce gidansa. Matarsa ta kawo mana ruwa tana tsaki tana cewa, "Manya da ku, ko kunya!" Mu kuwa mu ɗauki hannun gem, abin da ake tuƙa motar wasan da shi, allo ya rabu biyu, sama nasa ƙasa nawa, mu hau titi. Ban taɓa cinye shi ba. Da na matso ta gefensa zai karkato ya toshe ni kamar mai ido a ƙeya, sannan ya ce, "Ki koma kan keken ɗinkinki, shi ne daidai ke."

Wata Asabar na tarar da shi yana goge allon kwamfutar da tsumma, yana mita.

"Monitan nan ya gama yayi. Dubi gefe da gefensa, duk ya yi duhu."

Na duba, ni dai ban ga komai ba. Amma allon ya kwana biyu a gidan, sai na ce to, a canza mana. Ya ce in raka shi.

Mai shagon kwamfutar wani dogo ne mai saurin magana, an jera masa alluna a bango duk suna nuna hoton kifi iri ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, na aiki ko na gem?"

"Duka biyun."

"To nan ake yin ta." Ya yi mana bayani dalla-dalla, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya san kayansa. Ya ce allo yana da girma, ana auna shi da inci daga kusurwa zuwa kusurwa. Sannan hoton da ke kai duk ɗigo-ɗigo ne ƙanana; in suna da yawa layi ya fito sumul, in sun yi kaɗan ka ga layin da haƙora kamar zarto. Mai zane yawan ɗigo yake so. Mai gem kuwa allo mai saurin sauya hoto yake so, don kada mota ta riƙa tsalle-tsalle a kwana. Na gidan Yaya inci ashirin da huɗu ne, mai layin ɗigo 1080. Wanda ya haɗa biyun, in ji shi, inci ashirin da bakwai ne mai 1440, kuma a tebur irin namu ya isa har ya yi yawa.

Yaya ya tsaya gaban allon yana juya kai dama da hagu kamar mai shirin tsallaka titi. Ya ce, "Yawwa, wannan garau yake." Na ga juyin kan nan da idona, na ɗauka salon duba kaya ne.

Ba a jima ba ya kira ni. Sabon ma gefensa duhu. "Sun ba ni mai matsala, mutanen nan ba su da tsoron Allah." Ya kinkime shi ya mayar. Mai shagon bai ja da shi ba, ya ce ya zaɓi wani ya yi ciko. Wannan karon Yaya ya nuna babba, inci talatin da biyu, mai ɗigon da suke kira 4K. Mai shagon ya ce masa wannan bai kai wancan sauri a gem ba, kuma rubutu zai ƙanƙance. Yaya ya ce shi dai ya fi kowanne haske ko? To a ɗaure masa.

Rubutun kuwa ya koma kamar tururuwa. Layukan zanensa suka zama siraran gashi. Sai da na shiga saitin na ƙara masa girman komai, na ƙara, na sake ƙarawa, har ya zama ɗaki ɗaya na gida ne yake cika allon. Ya ce haka ya yi. Amma gefen fa? Gefen na nan da duhunsa.

Na uku shi ne wanda ya ba ni haushi. Wani mai faɗi ne, mai lanƙwasa, ya cinye teburin gaba ɗaya har sai da aka kwashe firinta aka ajiye a ƙasa. Ranar da za mu ɗauko shi, mai shagon ya jona wanda muka mayar, ya sa farin shafi ya cika shi, ya kira ni gefe. "Anti, don Allah duba mini. Ina duhun yake?" Fari fat daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya rage murya ya ce, "Allo uku ba sa lalacewa iri ɗaya. Ki kai shi a duba masa ido." Yaya ya jiyo. Ya ce masa in likita yake son zama ya rufe shago ya koma makaranta.

Asabar ɗin da ta biyo, na cinye shi.

Wallahi na yi murna, ƙaryar me zan yi? Na tashi na taka rawa a tsakar ɗakin, na kira matarsa ta zo ta shaida. Na shigo ta hagunsa ne, tayata na gogar tasa, bai ko karkato ba. Ya ce, "Ta ina kika fito?" Na ce ta inda na saba fitowa mana. Muka sake, na sake cinyewa. Muka sake. A karo na uku ban yi rawa ba. Na bar kallon rabin allona na koma kallonsa. Idonsa na kan tsakiyar titi, motata ta zo ta gefensa ƙatuwa, ja, a fili, ta wuce, shi kuwa bai san ta zo ba sai da ta shiga gabansa.

A kicin matarsa ta riƙe hannuna. Ta ce kafaɗarsa duk tabo ne, kullum sai ya bugi ƙyauren ƙofa. Ta ce ta daina ajiye masa kofi a gefen hannu, a gabansa take sawa. In ta miƙa masa abu daga gefe sai ya bar ta da hannu a sama. "Na yi magana ya ce na fara raina shi. Ke ce yake jin maganarki."

Ina ya ji! Na koma na ce, "Yaya, ba allon ba ne. Idonka ne."

"Idona? Karanta mini wancan." Ya nuna wata kalanda a bango, ya karanto ƙananan rubutun ƙasanta tiryan-tiryan, waɗanda ni ma sai na matsa nake gani. "Makaho ne wannan? Idon da ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ruwa? Don kin ci wasa sau uku shi ne za ki ɗaura mini makanta?"

Na ce masa ciwon da ba ya ciwo shi ne abin tsoro. Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da kabarin babanmu. Ya ce in ajiye masa hannun gem ɗinsa in kama gabana. Na fita ina kuka don takaici. Na san abin da yake tsoro, ba wai bai gane ba ne. Mai zane in aka ce idonsa ya taɓu, wa zai sake ba shi gida ya zana? Gara masa ya yi ta zagin allo.

Aikin ne ya tona shi. Wani gida ya zana a ƙaramin fili, kuma da yake ya ƙara girman komai, ga allo mai faɗin tsiya, layin iyakar filin ya koma can ƙarshen hagu. Ya ja bangon kicin ya tsallake layin ya shiga filin maƙwabci. Injiniyan ya saba da aikin Layi ba ya buƙatar dubawa, ya sa hannu. Sai da aka haƙa harsashi aka zuba kankare maƙwabcin ya zo ya tayar da ƙayar baya. Aka fasa, aka cike ramin.

Injiniyan bai yi masa tsawa ba, da ma ya yi. Zaunar da shi ya yi gaban zanen, ya ce ya kalli tsakiya, ya ɗora yatsa a kan layin iyakar ya ce, "Layi, me na taɓa?" Sai Yaya ya juya kai gaba ɗaya yana neman yatsan. A gaban sauran ma'aikata. Injiniyan ya ce ya je ya huta ya nemi lafiya, teburinsa na nan. Kowa ya san abin da hakan yake nufi, kafin wata ya ƙare an zaunar da wani a kujerar.

Ranar da aka ce ya je ya huta, shi ya kira ni da kansa. "Auta, gobe kina da aiki?"

Likitar ido ta sa shi ya leƙa cikin wata na'ura, ta ba shi maɓalli ta ce ya danna duk sanda ya ga ɗigon haske. Ina zaune a baya ina jin shirun da ke tsakanin dannawa, shiru mai tsawo. Ta ce hawan jinin ido ne. Daga gefe yake fara ci, a hankali, ba zafi, ya bar maka tsakiya garau har ka rantse lafiyarka ƙalau. Abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Maganin ɗigawa zai iya riƙe abin da ya rage, in Allah ya so, amma an zo a makare ƙwarai. Ta tambaye shi yaushe ya fara lura. Ya ce tun monitansa na farko. Da ta ji labarin allunan ta girgiza kai, ta ce mai irin wannan ciwon babban allo ƙara masa wahala yake yi, ƙarami shi ne yake iya gani gaba ɗaya.

A hanyar dawowa na rufe bakin nan nawa, ban ce ai na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo mini har maƙogwaro.

Mai lanƙwasan aka mayar shago. Matarsa ta ciro tsohon nan na inci ashirin da huɗu daga saman kabad, ta goge shi, lafiyarsa lau, da ma bai taɓa yin komai ba. Yana ɗiga maganinsa a kan lokaci, a nan kam bai yi gardama ba. Idon dama ya tafi duk da haka. Na hagu ya rage masa kamar mai leƙe ta ramin makulli, kuma ramin kullum tsukewa yake. Ya ɗan taɓa zanen ƙananan shaguna ga waɗanda suka san shi, daga baya ya bari da kansa.

Asabar kam bai yarda mu bari ba. Na koma rage gudu a kwana ina barinsa ya wuce. Ya gane, ya ce, "Kada ki raga mini, ban son tausayi." Na ce wa ya raga maka, tsufa ne ya kama ni.

Asabar ɗin da ta wuce na shiga na tarar ya riga ya zauna, ya jawo allon har kusa da hancinsa, hannun gem a cinyarsa. Na jona komai, sifika ce kawai ban kunna ba tukuna. Titin ya fito tar, motocinmu biyu a kan layi, tasa shuɗiya tawa ja, hasken yana dukan fuskarsa. Na zauna ina jira ya danna mu tashi.

Ya ce, "Auta, kunna allon mana, me kike jira?"

Matarsa na tsaye bakin ƙofa da kofin ruwa, ta toshe bakinta da hannu. Na miƙa yatsa na danna maɓallin allon ya mutu, na sake dannawa ya kawo, don dai ya ji ƙarar.

"Yawwa," in ji shi. Ya gyara zama ya riƙe hannun gem ɗin da kyau.