Shekarar da na bar su suka fara ci

Shekara biyu na yi ina buga wa kwalejinmu ƙwallon kwando, kuma ba mu taɓa wuce zagayen farko ba a gasar kwalejojin Jos. Ni na san dalili: sauran 'yan wasan ne. Duk ƙwallon da ta shigo hannuna kwando nake jefa ta, don ban ga wanda zan miƙa wa ba. Kyaftin ɗinmu, ɗan unguwar Rikkos, abokina tun firamare, yakan ɗaga hannu yana ihu wai ga shi nan ba mai tsaronsa. Ina jin sa sarai.

Da wata kwaleji mai kofuna jere a ofis ta ce tana so na, ban tsaya shawara da kowa ba. Wata biyu ina yawo da fayil ofis-ofis, har na yarda na maimaita aji. Babana ya tambaye ni ko karatun can ya fi. Na ce masa filinsu ya fi.

A can na tarar da mutum huɗu irina, kowa an ɗauko shi daga inda yake tauraro. Ƙwallo kuwa ɗaya ce. Koci ya ba ni riga mai kyau da wuri a benci, kusa da jarkar ruwa.

Sai ga shi an haɗa mu da tsohuwar kwalejina a wasan kusa da na ƙarshe, inda ba su taɓa zuwa da ni ba. Ba su ɗauko kowa ba, mutanen da na bari ne. Ina zaune ina kallo, ƙwallo sai ta bi hannu biyar kafin ta shiga. Wani siriri da ban taɓa miƙa wa ba ko da kuskure ya yi ta zuba mana. An sa ni a minti ukun ƙarshe, na jefa sau uku. Suka cinye mu.

Abin ya yi mini ciwo, amma ba rashin kofin ba. Kewarsu nake yi, ina so in koma. Da sati ya zagayo na karɓo fom ɗin komawa, na cike, na ninke a aljihu, na nufi Rikkos. Na sami kyaftin a teburin mai shayi.

"Mutumina, in na dawo fa?" na ce, kamar da wasa.

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Ka san ba ni da kamarka," in ji shi. "Amma yanzu kowa ya saba taɓa ƙwallo. Don Allah kar ka dawo."

Na ce ai wasa nake yi. Ya ce ya sani. Hannuna na kan aljihu har na sauka daga mota a Terminus.