Hannun Yaya Rabi da baƙin lalle

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi, mai yi ma matan Attantane ƙunshi. Hawan jini ne ajalinta, amma wanda ya san ta a ƙarshen rayuwarta, hannunta yake tunawa. Yatsun su kumbura, su yi ƙuraje masu ruwa, su tsattsage, ga ƙaiƙayi mai hana sakat.

Ciwon ba ya tashi ranar da ta yi aiki. Sai ta yi ma amarya zane, an ci biki an watse, sannan ya taso. Don haka muka ɗora ma abincin biki laifi, daga baya muka tsaya kan wake. Yaya ta bar ƙosai, ta bar ɗanwake, a garin da kowane rumbu wake ne. Ciwon bai daina ba. Mata suka fara raɗe-raɗin kuturta, ita kuma ta riƙa shafe yatsun da baƙin lallen nan da ake haɗawa da garin rina gashi, don ta rufe tabon.

Ba wanda ya kore ta, ita ta janye jikinta. Ta ware ƙwaryarta. Jikoki in sun rugo, ta maida hannu baya ta ce, “Ku tsaya nan, ina ganinku.” Wannan yana ci mani rai har gobe.

Bana ƴarta Nana, da ke aure Gidan Amumune, ta haihu. Aka yi mata ƙunshin suna da baƙin lalle, kamar yadda aka yi mata na aure. Da na koma duba ta bayan suna, na iske uwar mijinta riƙe da jinjirin, Nana ta sunkuyo tana ba shi nono, hannuwanta naɗe cikin zane. Ta ce, “Inna, ciwon uwata ne ya biyo ni. Ba ni taɓa shi.” Na yi ta maza. Na goya yaron, na tasa ta gaba sai asibitin Tasawa.

Likitar ta shafa mata auduga bisa fata, ta tambaye ta ko tana ji. Tana ji sarai. Ta ce kuturta kashe fata take yi har mutum ya daina ji, wannan kuwa ƙuraje ne daidai inda zane ya bi. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Sinadarin baƙin yana ratsa fata ya manne da ita. Karon farko ba a ganin komi, amma garkuwar jiki ta riga ta shaida shi, ta ɗauke shi abokin gaba. In ya sake dawowa, sai ƙwayoyin jini masu tsaron jiki su taru wurin su far mashi, faɗan ya shafi fatar kanta. Taruwar na ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ba a gane mai laifi. Jiki ba ya mantawa, don haka Nana da baƙin lalle da rinin gashi sun rabu ke nan. Ta rubuta mata man shafawa, ta ce, “Ba a ɗaukarsa. Riƙe ɗanki.”

Na sauke ajiyar zuciya. Sai Yaya ta faɗo mani a rai.

Da tana nan, me za ta ce? Na san ta, dariya za ta fara yi, ta nemi a soya mata ƙosai. Sannan ta tuna amaren da ta zana ma baƙin nan, ta tashi gida-gida tana gargaɗi, don ba ta iya ganin abin cutarwa ta ƙyale. Jan lallen gargajiya da ta iya kwaɓawa tun muna yara, shi za ta koma ma, ƴan mata su so ko su ƙi.

Zanenta ya daɗe da gogewa daga ƙafafun mata. Abin da ya saura shi ne halinta: mace ce da ta zaɓi ta hana kanta jikokinta da dai ta cuce su. Yanzu na san hannun nan bai taɓa zama haɗari ga kowa ba, kuma sanin ya sanyaya mani zuciya ko da ya zo a makare. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Hannun Nana ya warke sumul. Uwar mijinta na ta faɗa wai za ta sangarta yaron da ɗauka, ta riƙa aje shi. Nana ta ce a ƙyale ta, ba ta ajewa.