Rigar Ƙanina a Filin Lahadi

Ƙanina ya zo wurina a Inugu yana da shekara ashirin da biyu, bayan rasuwar innarmu. Ba ya kallon mutum ido cikin ido, kuma in ka sauya masa tsari ba ka sanar da shi ba, ranar ta lalace ke nan. Da rana yana tsince mini wake a rumfata a kasuwar Ogbete, tsintar da ko tsakuwa ɗaya ba ta tsira. In mun koma gida a unguwar Obiagu sai ya shige ɗaki. Ba aboki, ba hira. Ina tsoron ɗakin nan ya cinye shi.

Ranar Lahadi ba a buɗe kasuwa, sai mu taru a wani fili mu buga ƙwallo: 'yan albasa, masu tura baro, 'yan okada, da maƙwabtanmu Ibo. Ba mu da jesi. Al'adarmu ita ce duk ɓangaren da aka fara ci su tuɓe riga, a san na wane da na wane.

Ranar da na fara kai shi ya tsaya a baya, ƙwallo ba ta wuce shi, har na soma taƙama. Sai aka ci mu. Kowa ya tuɓe, shi ya ƙi. Aka yi masa ca. Wani mai baro ya zo ta bayansa ya fizgi rigar, sai ƙanina ya zauna a ƙasa ya toshe kunnuwa yana jijjiga. Na ji wani yana cewa, "Wetin dey worry am?" wato me ke damunsa. Ni kuwa da zuciyata a kusa take, na shaƙe mai baron. Da ƙyar aka raba mu.

Gaskiya laifina ne. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa yadda yake, na jefa shi cikinsu ina fatan a dace.

Ranar Talata dattijon da ke hura mana usur, wani mai albasa, ya zo rumfa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na soma ba da haƙuri, ya ce ba wurina ya zo ba. Ya tsuguna gefen ƙanina ya tambaye shi me zai sa ya dawo. Ƙanina bai ɗago daga wakensa ba. Ya ce ba ya tuɓe riga, yana so ya san ɓangarensa tun kafin ranar, kuma kada a taɓa shi ta baya.

"In ta gaba ne ba komai," in ji shi. "Ina ganin zuwanta."

Ni da na goye shi ban taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Wani tela ya yanka mana jan ƙyalle, ɓangare ɗaya na ɗaurawa a hannu. Rabon 'yan wasa kuma ya koma bayan sallar Juma'a. An yi ƙorafi, amma masu tumbi sun fi kowa murna da aka daina tuɓewa. Duk da haka ban saki jiki ba, kowace Lahadi rabin idona na kansa.

Wata Lahadi zazzaɓi ya kwantar da ni, ban farka ba sai da hantsi. Ƙanina ba ya ɗakin. Na fito a firgice ba ko takalmi, sai matar maƙwabcina ta ce ai mai baron nan ya zo tun da safe, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama har ƙanina ya fito, sun tafi fili tare. Na koma na kwanta. Rabona da barci irin wannan tun zuwansa.