Hannun Hagu na Arzika Wanzami

Arzika wanzami ne a Tsafe, ɗan wanzami, jikan wanzami. A shekarun da nake magana a kansu, wajen 1955, ba a yin suna a unguwarsu ba shi ya aske kan jaririn ba, kuma ranar kasuwa gindin tsamiyar da yake zama ba ya rabo da masu aski da masu ƙaho. Hannunsa da sauƙi. Sai ya gama maka aski kana gyangyaɗi.

Amma a hannun nan ciwonsa yake. Tun yana saurayi yake fama da ƙyasbi mai ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Da ya haura arba'in sai abin ya sauko yatsu da bayan hannu. Fatar ta yi kauri, ta yi baƙi, ta tsattsage, in ruwan sabulu ya taɓa ta kamar an zuba barkono. Matarsa Husaina, wadda a bakinta na ji yawancin labarin nan, ta ce har tsumma take naɗe masa don kada ya sosa ya yi jini.

Ba abin da bai gwada ba: man kaɗanya, sassaƙen maɗaci, garin bagaruwa, rubutun sha. Shi da ke ba mutane magani, ya rasa na kansa.

Wata rana ya kama kan wani dattijo zai aske, sai dattijon ya janye.

"Wanzam, wanga hannu naka, ba dai kuturta ba ce?"

"Ba ita ba ce, Baba. Kuturu ba ya jin fatarsa. Ni jin tawa ne ya yi yawa."

Dattijon ya ce Allah ya sawwaƙe, amma ya mai da hularsa ya tashi. Daga nan maganar ta shiga gari, mutane suka fara raguwa a gindin tsamiya.

Malam Muhammad Sani, mai ba da magani a ɗakin shan magani na garin, shi ya kawo masa labari. Ya ce wani likita Bature ya zo Gusau da sabon man shafawa, yana neman manya masu irin wannan ciwo don a gwada. Sharaɗi shi ne mutum ya je kowace Litinin har sati takwas, ya bar duk wani magani, ya dangwala yatsa a takarda.

"Warkewa ake yi?" in ji Arzika.

"Ba a sani ba. Shi ya sa ake gwadawa."

Arzika yana da yaya, Kulu, da ke aure a Bunguɗu tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita ma ciwon ne da ita, a wuya da damatsa. Ya hau motar 'yan kasuwa ya wuce Gusau ya je ya same ta tana matsar mai, ya gaya mata su je tare.

Ta saurare shi har ya gama, ba ta daina matsa ba.

"Arzika, in je wurin wanda shi da bakinsa ya ce bai san ko maganinsa na yi ba?"

"Yaya, mu ma da muke ba da sassaƙe, mun sani ne?"

"Kai namiji ne, ka rataya jaka ka tafi. Ni Litinin takwas wa zai riƙe mini gida? Kuma an ce masu ciwon fata kusa da kutare suke layi. A gan ni can sau ɗaya, wa zai ƙara sayen abin da na murza da hannuna? Ka bar ni da abina, na saba da shi."

Ya dawo Gusau shi kaɗai.

Su goma sha huɗu ne aka tara. Ta bakin tafinta, likitan ya nuna musu ƙananan gwangwanaye biyu, ɗaya da jan alama, ɗaya da shuɗiya. Ɗaya akwai magani a ciki, ɗaya mai ne kawai, kuma shi kansa bai san wanne ne wanne ba sai an gama. Arzika zai riƙa shafa mai jan alama a hagu, mai shuɗiya a dama, kada ya haɗa.

"To in ɗaya ba magani ba ne, don mi za a ba ni?"

Tafinta ya ce don a gane ko maganin ne ke aiki ko kuwa maiƙon. Maganar ta shigi Arzika, domin shi ma ya sha haɗa itatuwa biyar a tukunya, mutum ya warke, bai san wanne ya yi aikin ba. Ya dangwala. Yatsan ya tsage har sai da aka sake dangwalawa sau uku kafin zanen ya fito.

Kwana biyar da farawa ƙaiƙayin hannun hagu ya tsaya. A sati na uku tsagar ta haɗe, fatar ta yi laushi irin wadda ya manta yana da ita. Hannun dama kuwa, hannun aska, yana nan yadda yake.

Husaina ta ce, "Maigida, ai ga shi a fili. Ka shafa jan a dama mana. Wa zai sani?"

"Na sati ɗaya suke aunowa, na hannu ɗaya. Kuma na yi alkawari."

Ta ce ta taɓa ganinsa ya lakato jan a yatsa ya kai shi kusa da hannun dama, ya daɗe a haka, sannan ya goge shi a hagu. Ranar Litinin ya roƙi likitan. Likitan ya duba hannun biyu, ya yi murna ƙwarai, ya ɗauki hoto, ya ce a yi haƙuri a cika sati takwas.

Abin da Kulu ta ji tsoro kuwa ya faru. Wani mutumin Tsafe da ya kai gyaɗa Gusau ya hango Arzika zaune a bencin asibiti, ba nisa da inda ake raba wa kutare ƙwaya. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Bukukuwan suna biyu suka faɗo ranar Litinin, aka kira wani wanzami, kuma gidajen ba su ƙara nemansa ba.

Da sati takwas suka cika aka buɗe takarda: jan ne maganin. Aka ba kowa gwangwani uku na sallama. Arzika ya shafa biyu a hannayensa duka, ya yi wata guda cur da hannaye lafiyayyu. Ya riƙa zama gindin tsamiya yana shimfiɗa su a kan gwiwa don masu wucewa su gani. Wasu daga cikin masu askin suka dawo. Gwangwani na ukun bai buɗe ba, ya kai wa Kulu.

Ta shafa a wuya. Bayan kwana goma sai ga ta a Tsafe, ita da ba ta tafiya, ta ce ya raka ta Gusau, yanzu ta yarda, ko Litinin nawa ne. Suka je. Tafinta ya gane Arzika, ya gaishe shi da fara'a, ya ce ai an gama gwaji, likita ya koma ƙasarsu da takardunsa. Maganin fa? Iyakar wanda aka aiko ke nan. Wataƙila nan gaba a kawo. Ba a sayar da shi a kanti? Bai ji ana sayarwa ba.

Suka zauna a bakin hanya suna jiran mota, kowa da inda zai nufa. Kulu tana sosa wuya ta cikin mayafi.

"Da ka bar ni yadda nake, Arzika. Da ban san ana rayuwa ba susa ba, ban damu ba."



Kafin damina ta faɗi hannayensa suka koma yadda suke, har suka fi da. Ya ci gaba da aski shekara biyu ga 'yan tsirarun da ba su gudu ba, sannan yatsun suka daina riƙe aska da kyau, ya yanki wani a bayan kunne. Shi da kansa ya ajiye sana'ar, ya koma noman gero, hannu naɗe da tsumma. Duk wanda ya dawo daga Gusau ko Zariya sai ya tambaye shi ko an kawo man nan. In aka ce mene ne sunansa, sai ya ce mai jan alama, don iyakar abin da ya sani ke nan.

Husaina ta ce ta taɓa tambayarsa ko ya yi nadamar zuwa. Ya ce wani lokaci e, wani lokaci a'a, ya danganta da yadda ya tashi. Kulu ta riga shi rasuwa da shekara uku. Shi kuma ya rasu ana girbin gero, da zazzaɓi na kwana huɗu, aka binne shi a Tsafe.